Me yake mayar da mu wurin Kamenskaya littafi bayan littafi?

Ummu_Safiyya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai tambayar da ta daɗe tana yi mini yawo a rai, kuma na san a cikinmu akwai waɗanda suka yi karatu a Rasha ko suka karanta adabinta a fassara. Lokacin da nake shekarar koyon harshe a Rostov, malamarmu ta Rashanci ta ba ni shawarar in riƙa karanta littattafan binciken laifuka, domin harshensu shi ne wanda mutane suke magana da shi a bas da kasuwa. Ta haka na fara jerin littattafan Aleksandra Marinina game da Anastasiya Kamenskaya, 'yar sandan ciki da ke aiki a hedikwatar 'yan sandan Mosko, gida mai lamba 38 a titin Petrovka. Na dawo gida shekaru da yawa, na yi aure, na haihu, amma har yau idan na samu wanda ban karanta ba sai na ture komai gefe. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, sau da yawa ina gane wanda ya yi kisan tun kafin a kai ƙarshe, wani lokaci ma marubuciyar da kanta take nuna shi tun a tsakiyar littafi. To idan ba ɗokin sanin mai laifi ne yake riƙe mai karatu ba, mene ne yake riƙe shi a jerin da aka fara tun farkon shekarun 1990 kuma ya haura littattafai talatin?

Injiniya_Bala:
Wa alaikumus salam, 'yata. Ni ina can lokacin da littattafan farko suka fito, don haka bari in gaya miki yadda garin yake a kwanakin. Na tafi karatun sarrafa ƙarafa a ƙarshen zamanin Tarayyar Sobiyet, kamar sauran samarin da aka tura da fatan su dawo su yi aiki a Ajaokuta, sai ƙasar da ta karɓe mu ta rushe a hannunmu a watan Disamba na 1991. A watan Janairu na 1992 gwamnatin Yeltsin ta saki farashin kaya, kuma a cikin wannan shekarar kaɗai farashi ya ninka sama da sau ashirin. Tsohuwar da nake haya a gidanta ta yi shekaru tana tara kuɗi a bankin ajiya, sai ga shi abin da ta tara bai isa sayen rigar sanyi ba. Albashin ɗan sanda, wanda a lokacin ake kira militsiya, ya zama abin kunya, ƙwararrun jami'ai suka riƙa ajiye aiki suna komawa gadin bankuna da kamfanoni, waɗanda suka rage kuma kowa ya san da yawansu a aljihun wa suke. Ranar 1 ga Maris 1995 aka harbe Vladislav Listyev, ɗan jaridar talabijin da duk ƙasar ta sani, a ƙofar benen da yake zaune, kuma har yau ba a hukunta kowa a kan kisan ba. A irin wannan hali ne mutum zai sayi ƙaramin littafi a bakin tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya karanta labarin wata mace da ba a iya saye ba, wadda ta zauna ta yi tunani har ta kai ga gaskiya. Na ga mutane biyar ko shida a tarago ɗaya kowa da nasa a hannu. Abin da suke nema shi ne su ga ko da laifi ɗaya an bi shi har ƙarshensa.

Dan_Damagaram:
Gaisuwa ga Baba Injiniya. Bayaninka ya gamsar game da Rashawan wancan lokaci, amma ni ban taɓa taka Rasha ba, da Faransanci na karanta su a Yamai, fassarar da kamfanin Seuil ya buga, kuma sun kama ni kamar yadda suka kama Ummu Safiyya. A wurina sirrin yana jikin matar ne. Duk ɗan sandan ciki da na saba gani a littafi ko fim mai ƙarfi ne, yana gudu, yana harbi, yana tsallake katanga. Ita Kamenskaya tana fama da ciwon baya, ba ta son tafiya a ƙasa, tashi da safe azaba ne a gare ta, kuma ba ta iya komai sai ta sha kofi. Aikinta shi ne ta zauna a ƙaramin ofishinta da tarin takardu da alƙaluman laifukan birnin, tana jera su tana neman inda biyu suka yi kama. Shugabanta Gordeyev, wanda suke kira Kolobok saboda gajere ne mai ƙiba kamar dunƙulen burodin tatsuniyarsu, shi ya ɗauko ta domin wannan aikin kawai, kuma ya tsaya mata lokacin da wasu suke gunaguni cewa ba ta fita fage. Mai karatu yana zama tare da ita yana bin tunaninta mataki mataki, har da inda ta yi kuskure ta koma baya. Ko ka riga ka san mai laifin, kana son ganin ta wace ƙofa za ta iso gare shi.

Hajiya_Rabi:
Ni kuwa gaskiya saboda Chistyakov, mijin Kamenskaya, nake karantawa. Farfesan lissafi ne da ake girmamawa har a ƙasashen waje, amma shi yake shiga kicin ya dafa mata abinci domin ita ba ta iya ba, kuma tun suna makarantar sakandare yake jiran ta har ta yarda ta aure shi bayan shekaru masu yawa. Duk lokacin da labarin ya yi nauyi da gawa da jini, sai a koma gidansu a huta.

Malam_Isiyaku:
Ku gafarce ni, zan saɓa muku. Na karanta guda huɗu, kuma abin da na gani shi ne ma'aikaciyar hukuma tana wanke hukumarta. Marubuciyar jami'a ce a ma'aikatar harkokin cikin gida ta Rasha, to me ake tsammanin za ta rubuta? Ta ƙirƙiro wani sashe a Petrovka inda kusan kowa mutumin kirki ne, a daidai lokacin da Baba Injiniya da kansa ya shaida mana cewa kowa ya san a aljihun wa da yawan 'yan sanda suke. Abin da ya fi damuna shi ne littafin da Kamenskaya ta je jinyar bayanta a wani gidan hutawa a wani gari, inda ta ƙare tana aiki tare da Denisov, uban 'yan ta'addar da ya mallaki garin baki ɗaya, kuma aka zana shi a matsayin dattijo mai karamci da cika alkawari. Irin wannan rubutu yana koya wa mai karatu cewa akwai azzalumi na kirki. Mu da muka san yadda masu kuɗin haram suke sayen mutunci da kyauta, bai kamata mu ji daɗin wannan ba.

Dakta_Hadiza:
Malam Isiyaku, akwai gyara kaɗan a maganarka. Gaskiya ne ta yi aiki a ƙarƙashin ma'aikatar, sunanta na ainihi Marina Alekseyeva, an haife ta a Lviv a 1957, ta gama karatun shari'a a Jami'ar Mosko a 1979, kuma ta yi ritaya a 1998 da muƙamin laftanar kanar. Amma aikinta na nazari ne da koyarwa, ba kama mutane a titi ba. Digirin bincikenta a kan halayyar waɗanda aka ɗaure saboda laifukan zubar da jini ne, da yadda za a hana su komawa ga laifi. Wannan, a ganina, shi ne amsar tambayar Ummu Safiyya. Mace ce da ta yi shekaru tana nazarin abin da yake kai mutum ga kisa, shi ya sa ba ta damu da ɓoye mai laifin ba. Takan buɗe maka zuciyarsa ka ga hassada ko tsoro ko wulaƙancin da aka yi masa tun yana yaro, har ka ga ranar da ya yanke shawara. Game da wanke hukuma kuwa, ka duba littafi na uku, wanda sunansa yake nufin mafarkin da aka sace. A ciki Gordeyev ya gane cewa akwai wanda yake yi wa masu laifi aiki a cikin sashensa, kuma da aka gano shi sai ya zama jami'i ne nagari da aka kama ta hanyar ƙaramar 'yarsa. Wanda yake son wanke hukuma ba zai rubuta haka ba.

Malam_Isiyaku:
Na karɓi gyaran game da aikinta, Dakta, na gode. Amma ki lura cewa ko a misalin da kika kawo, an ba maci amanar uzuri. Batun Denisov kuma yana nan ba ki taɓa shi ba.

Dakta_Hadiza:
Ban taɓa shi ba ne domin ina ganin kana da gaskiya a rabinsa. Sai dai ita kanta Kamenskaya ba ta samu natsuwa da wannan hulɗar ba, ta yi ta tuhumar kanta, kuma alaƙar ta biyo ta cikin littattafan da suka zo daga baya. An sa ta a garin da 'yan sandansa suke cin abinci a hannun mutum ɗaya, ana kashe mata, kuma ba wanda zai iya tsayar da kisan sai shi. Ni ma ban san abin da zan yi ba a matsayinta, kuma wannan rashin sanin yana cikin abin da ya hana ni ajiye littafin.

Tsohon_Sufeto:
Na yi shekara talatin da biyar a aikin ɗan sanda kafin na yi ritaya, goma sha biyu daga ciki a sashen binciken manyan laifuka. Ban iya Rashanci ba, ɗana da ya yi karatu a can ne ya zaunar da ni muka kalli shirin talabijin da aka yi daga littattafan yana fassara mini, daga baya ya riƙa ba ni labarin littattafan. Abin da na gane nan take shi ne wadda ta rubuta wannan ta san aikin. Bincike na gaskiya zama ne da jira da rubutu. Za ka ɗauki jawabin mutum goma, tara ba su da amfani, na goman kuma sai bayan mako uku za ka gane abin da ya faɗa. Za ka nemi mota babu mai, ka nemi sakamakon likita a ce ka dawo jibi, sannan wani babba ya bugo waya ya ce a sassauta. Duk na ga waɗannan a ciki. Wani abin da ya ba ni sha'awa shi ne tsarinsu na wancan lokaci ya raba aikin gida biyu: akwai 'yan sandan ciki irin su Kamenskaya da abokin aikinta Korotkov masu nemo bayani, akwai kuma mai binciken shari'a daga ofishin mai gabatar da ƙara, irin su Olshanski, wanda shi yake riƙe da fayil kuma shi yake yanke abin da zai iya tsayawa a gaban alƙali. Saɓanin da ke tsakanin wanda ya san gaskiya da wanda dole ya tabbatar da ita a takarda, na rayu a cikinsa. Ga Malam Isiyaku kuma ina cewa, a kowace runduna da ta lalace akwai ɗaki ɗaya ko biyu da shugaba nagari ya tara mutanen kirki yana kare su da jikinsa. Na yi aiki a ƙarƙashin irin wannan shugaban shekara huɗu, Allah Ya jiƙansa, kuma da na ga Gordeyev shi na tuna.

Aminu_Piter:
Allah Ya ƙara girma, Baba Sufeto. Ni ma ta talabijin na shigo. An fara nuna shirin a tashar NTV a shekarar 2000, Yelena Yakovleva ce ta fito a matsayin Kamenskaya, kuma an yi zango shida har zuwa 2011. Waɗanda suka fara da littafi sukan ce ba ta yi kama da ta littafin ba, domin an siffanta ta da fuska marar ɗaukar ido wadda ba wanda zai waiwaya ya sake kallo, sai idan ta yi kwalliya domin aiki ta koma wata mace dabam. Amma ga miliyoyin Rashawa fuskar Yakovleva ce fuskar Kamenskaya. Ina so in ƙara cewa ba ita kaɗai ta daɗe ba. Shirin 'yan sandan Sant Pitasbag da jama'a suke kira Menty, wanda aka gina a kan labaran Andrei Kivinov, shi ma tsohon ɗan sanda, ya fara a 1998 bai tsaya ba sai 2019. A gidan da na zauna, maigidan ya fi son Menty saboda barkwancin mazan da ke ciki, uwargidan kuma ba ta yarda a canza tasha idan ana Kamenskaya.

Injiniya_Bala:
Aminu ya tuna mini da abin da ya gabace su duka. Tun 1971 gidan talabijin na Sobiyet yake nuna shirin masu bincike uku, Znamenski da Tomin da wata ƙwararriyar ɗakin gwaji mai suna Kibrit, su ma a Petrovka 38 suke. A can hukuma ba ta kuskure, mai laifi kuma ɓatacce ne da za a dawo da shi hanya. Wanda ya tashi da wancan shirin, da ya buɗe littafin Marinina sai ya tarar da gini ɗaya, titi ɗaya, amma rufin yana yoyo. Idan aka ƙara komawa baya, mai binciken da yake kama mai laifi da hira da sanin halin ɗan Adam tsohon abu ne a adabinsu, tun Porfiri Petrovich na Dostoyevski a 1866, inda mai karatu ya san wanda ya yi kisan tun daga farkon littafi.

Sani_Kantin_Kwari:
Maganar Baba Injiniya a kan tsohuwar da kuɗinta suka narke ta taɓa ni. Shin ba a wannan zamanin ne aka yi MMM na asali ba? Domin wanda ya zo mana nan ya cinye jarin mutane da yawa da na sani.

Injiniya_Bala:
Shi ne, Malam Sani. Sergei Mavrodi ne ya kafa shi, ya rushe a 1994 da kuɗin miliyoyin mutane, kuma sunan nan ne ya sake ɓullowa a Najeriya har aka rufe asusun mutane a watan Disamba na 2016. Wanda ya ɗanɗana wannan zai fahimci mutanen da ke cikin littattafan nan ba tare da dogon bayani ba: malamin jami'a da ya koma sayar da kaya a bakin titi, da yaron da ya yi kuɗi dare ɗaya ba a san ta ina ba.

Malama_Zainab:
Bari in dawo da mu kan tambayar. Ni na bi jerin da ƙwazo har wajen littafi na goma sha biyar, daga nan na fara gajiya. Na farkon gajeru ne, a tsuke suke, kowane shafi yana tura ka gaba. Na baya sun kumbura, wasu har juzu'i biyu, kuma marubuciyar takan tsayar da labari ta yi shafi biyar tana bayani a kan aure ko tarbiyya ko yadda ya kamata mutum ya yi rayuwa. Ina ganin abin da yake riƙe mutane a dogon jeri irin wannan sabo ne kawai, kamar yadda muke bin shiri mai dogon zango ko bayan ya yi sanyi, domin mun riga mun san mutanen gidan. Akwai kuma abin da ya kamata a faɗa wa wanda zai ba 'yarsa ta karanta: matar ba ta rabuwa da taba, kuma ta yi shekaru tana tare da Chistyakov kafin a ɗaura musu aure. Al'adarsu ce, amma ba tamu ba ce.

Ummu_Safiyya:
Na gode, Malama Zainab, kuma na yarda da gargaɗinki na ƙarshe, ni ma ba zan miƙa wa yarinya ƙarama ba. Amma abin da kika kira sabo, da na karanta amsoshinku sai na ga kamar shi ne abin da nake nema ban san sunansa ba. Marinina ta bar matar nan ta tsufa. Na same ta tana da shekara talatin da 'yan kai, tana manjo, tana tsoron aure, tana fassara littattafan Turawa a lokacin hutu domin albashi ba ya isa. Na bi ta har ranar aurenta, wadda aka harbe wata amarya a ofishin ɗaurin auren. Na ga Gordeyev ya bar aiki, sababbin shugabanni sun zo waɗanda ba su san darajarta ba, yaran da ta koya wa aiki sun girma. Daga baya ita ma ta yi ritaya ta koma aiki a ofishin bincike mai zaman kansa na abokinta Stasov, inda ba ta da katin hukuma da zai buɗe mata ƙofa. A tsawon wannan lokaci takardu sun koma kwamfuta, wayar hannu ta shigo, har sunan militsiya aka canza zuwa politsiya a 2011. Ni ma a cikin waɗannan shekarun na tashi daga ɗaliba zuwa uwar 'ya'ya huɗu. Idan na buɗe sabon littafi, ina son in ji yadda take ne kafin in ji wanda aka kashe.

Dan_Damagaram:
Wannan ya sa na ji takaicin cewa fassarar Faransanci ta tsaya a littattafan farko. Ni Kamenskayata har yanzu matashiya ce, ban san ta yi ritaya ba sai yau.

Maryam_Kaduna:
Ban taɓa karanta ko ɗaya ba, amma kun sa ina so. Da wanne ya kamata in fara, kuma ana samun su da Turanci?

Dakta_Hadiza:
Da Turanci da wuya ki same su, 'yar'uwa, an fi fassara su zuwa Jamusanci da Faransanci da Italiyanci da Sifaniyanci. Idan kina jin ɗaya daga cikin waɗannan, ki bi su a jere daga na farko, inda aka kashe wata ma'aikaciyar nazari ta ma'aikatar cikin gida aka shirya abin kamar wutar lantarki ce ta ja ta, har Kamenskaya ta mai da kanta tarko ta zauna a ɗaki ɗaya da makashin haya. Idan kika fara daga tsakiya za ki rasa abin da Ummu Safiyya ta bayyana.

Malam_Isiyaku:
Na saurari kowa, kuma maganar Baba Sufeto a kan ɗakin mutanen kirki ta sa na yi shiru na ɗan lokaci. Duk da haka ina nan a kan cewa littafin da yake sanyaya zuciyar mutane game da hukumar da ta gaza yana iya rage musu zafin neman gyara. Wanda ya karanta yadda Kamenskaya ta kama makashi a takarda ya kwanta da daɗi, alhali makashin Listyev yana yawo a gari. Ina so in ji daga Baba Injiniya ko mutanen da ya gani a tarago sun fito daga littafin da ƙarin yarda da 'yan sandansu.

Injiniya_Bala:
Ba su fito da ita ba, Malam Isiyaku. Tsohuwar da na zauna a gidanta tana karanta su har tsakar dare, amma ranar da aka fasa ɗakin maƙwabcinmu aka kwashe kaya, ita ce ta fara cewa kada ya wahalar da kansa zuwa caji ofis. Na tambaye ta yadda take haɗa wannan da littafin da ke kan teburinta, sai ta ce mini Nastya, wato Kamenskaya, ai a Petrovka take, mu kuwa a unguwa muke.